Gurnani da Lissafi: Kiɗan da Kunne Ke Gudu Kafin Ya Saba

Yammacin Juma'a, 26 ga Yulin 2024, ruwan sama na sauka a birnin Faris, jiragen ruwa na bin kogin Seine ɗauke da ’yan wasan ƙasashen duniya. Bikin buɗe gasar Olamfik ake yi. Can sai kyamara ta karkata kan wani tsohon gini da ake kira Conciergerie, gidan kason da aka tsare sarauniyar Faransa Marie Antoinette kafin a fille mata kai a 1793.

A tagogin ginin ga siffofin mata cikin jajayen riguna, kowacce ta tallabo kanta a hannu. A jikin bango kuma an kakkafa ’yan ƙananan dandamali, maza huɗu cikin baƙaƙen kaya sun hau, uku da jita, ɗaya a bayan ganguna. Wuta ta yi tsiri, ganga ta ɓarke kamar tifa na zazzage dutse, sannan mai waƙar ya buɗe baki. Abin da ya fito ya fi kusa da gurnanin zaki a kan muryar ɗan Adam.

Na tabbata a gidaje da yawa an lalubi rimot a daidai wannan lokacin.

Gojira ke nan, ƙungiyar makaɗa daga wani ƙaramin gari kusa da Bayonne a kudu maso yammacin Faransa, wadda wa da ƙane, Joe da Mario Duplantier, suke ja tun 1996. Su ne masu kiɗan metal na farko da aka taɓa gayyata bikin buɗe Olamfik, kuma wasan na ’yan mintuna, wanda suka yi da mawaƙiyar opera Marina Viotti, ya ciyo musu kyautar Grammy a Fabrairun 2025.

Shekarar 2024 ta zo wa wannan kiɗa da goshi. A Oktoba ƙungiyar Blood Incantation ta birnin Denver a Amurka ta fitar da albam mai suna Absolute Elsewhere, waƙoƙi biyu ne rak, kowacce ta haura minti 20, amma jaridun da ba su saba waiwayar irin wannan kiɗa ba suka sa shi cikin fitattun ayyukan shekara. A Nuwamba kuma Opeth ta ƙasar Suwidin ta dawo da gurnanin da ta jingine shekara da shekaru, masoyanta suka yi ta murna kamar an dawo musu da ɓatacciyar saniya.

Turawa na kiran uwar wannan salo death metal, kusan a ce kiɗan ƙarfe na mutuwa. Reshen da muke magana a kai suna ƙara masa kalmar progressive, ma'ana mai neman wuce inda aka tsaya. Don sauƙi, mu ce wa uwar metal mai gurnani, ’yar kuma mai sarƙaƙiya. Wanda bai saba ba hayaniya kawai zai ji. Wanda ya daure ya sake saurare zai fara gane cewa a ƙarƙashin hayaniyar akwai ƙirge irin na mai auna zinariya.

Daga garejin Filorida

Abin mamaki, ba a ƙasar dusar ƙanƙara da dogon dare aka raini wannan kiɗa ba. A jihar Filorida ne, ƙasar rana da bakin teku, inda tsofaffin Amurkawa ke komawa su ci fansho. A tsakiyar shekarun 1980 samari ’yan makaranta suka riƙa shigewa garejin iyayensu suna gasar wa ya fi sauri, wa ya fi muni. Babu gidan rediyon da zai sa su, don haka kaset suke naɗa su aika wa juna ta gidan waya, daga Amurka zuwa Turai zuwa Barazil. A birnin Tampa akwai situdiyon Morrisound, inda wani injiniyan sauti, Scott Burns, ya gano yadda ake naɗar ganga mai gudun tsiya ba tare da ta cakuɗe ta zama kunu ba. Da yawa daga waɗanda suka yi suna a salon a lokacin sun bi ta hannunsa.

Cikin samarin akwai Chuck Schuldiner, wanda ya raɗa wa ƙungiyarsa suna Death. Albam ɗinsa na farko, na 1987, cike yake da jini da gawarwaki irin na finafinan ban tsoro. Amma yaron bai daɗe a nan ba. Cikin shekara huɗu ya gaji da wasan yara, ya koma rubutu a kan munafunci, cin amana, da yadda mutum ke cutar ɗan'uwansa. A 1991 ya ɗauko wasu matasa biyu daga Miami, Paul Masvidal mai jita da Sean Reinert mai ganga, waɗanda kunnensu ya jiƙu da kiɗan jaz, ya haɗa su da Steve Di Giorgio mai jitar bas, suka yi albam ɗin Human. Da yawa daga masu bin tarihin salon daga nan suke fara ƙirga.

A shekarar ce kuma ƙungiyar Atheist ta garin Sarasota ta fitar da Unquestionable Presence, bayan mai bas ɗinta Roger Patterson, wanda ya tsara yawancin kiɗan, ya mutu a hatsarin mota a hanyarsu ta dawowa daga rangadi. Waƙoƙin ba sa zama wuri ɗaya: kafin ka kama wani zubi sun sake shi sun kama wani.

Masvidal da Reinert suka koma ƙungiyarsu, Cynic. Guguwar Andrew ta Agustan 1992 ta ragargaza wurin da suke atisaye, aikin ya tsaya watanni, sai a 1993 Focus ya fito. A ciki akwai gurnani, akwai wata murya da aka bi da ita ta na'ura ta koma kamar ta mutum-mutumi, akwai wuraren da za ka rantse kulob ɗin jaz ka shiga. Masu sauraro ba su yafe musu ba. Da suka fita rangadi da ƙungiyar Cannibal Corpse, taron da ya zo neman jini ya riƙa yi musu ihu. A 1994 suka watse.

Yadda Suwidin ta sa wa dodo alkyabba

Idan Filorida ta kawo lissafi, Suwidin ce ta kawo labari da shauƙi. Opeth ta kafu a Stockholm a 1990, kuma jagoranta Mikael Åkerfeldt mayen tara tsofaffin faifan garmaho ne, musamman na ƙungiyoyin Ingila na shekarun 1970 irin su Camel, masu jan waƙa ɗaya ta cinye rabin faifai. Wannan dogon numfashi ya ɗauko ya aura wa gurnani. A albam ɗinsu na 1996 akwai waƙa mai minti 20. A shekarar ce ɗan ƙasarsu Dan Swanö da ƙungiyarsa Edge of Sanity suka fitar da Crimson, albam guda, waƙa guda, minti 40.

Ni ta ƙofar Opeth na shiga, kuma da ƙyar. Ran da na fara sa Blackwater Park, albam ɗinsu na 2001, ban kai minti biyu ba na zare abin kunne. Waƙar farko takan taso ne a hankali da wani amo mai tsami, kamar iskar hadari kafin ruwa, sai kawai komai ya rufto maka a ka. Na ce a raina waɗannan lafiyarsu kuwa?

Bayan kwanaki na sake gwadawa, don taurin kai kawai. A wannan karon na kai tsakiya. Nan gangar ta ja baya, jita marar lantarki ta shigo a natse, sai ga wata murya mai laushi, mai ban tausayi. Na duba na ga ashe mutum ɗaya ne, wanda ya gama gurnani yanzun nan. Guguwar ta sake dawowa, ta yi abin da za ta yi, waƙar ta ƙare da fiyano shi kaɗai, kamar an buɗe taga bayan an sha hayaƙi. Sai a lokacin na gane dabarar. Da an ba ni fiyanon nan shi kaɗai da ban ji komai ba. Minti tara na duka ne suka sa ya yi daɗi, kamar yadda ruwan randa ba ya nuna kansa sai ga wanda ya sha rana.

Da wannan zubi Opeth ta tashi daga ƙananan kulob har ta yi wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan a 2010. Åkerfeldt kuwa, tsakanin waƙa da waƙa, barkwanci yake yi wa jama'a da sanyin murya kamar malamin firamare.

Aikin da ke bayan hayaniyar

Mu fara da mai ganga, don shi ya fi kowa shan wuya. Zaune yake, amma duk gaɓoɓinsa huɗu aiki suke, kowacce da nata. Ƙafafunsa biyu na kan feda suna dukan babbar ganga bi da bi. Idan waƙa na tafiya a bugu 200 cikin minti, kuma kowane bugu an raba shi huɗu, ƙafafun nan za su yi duka 800 a minti ɗaya, wato fiye da 13 a kowace daƙiƙa. Hannuwa kuma na can sama suna wani bugu da ya zama tambarin salon, mai kama da ƙanƙara a kan rufin kwano. Gene Hoglan, wanda ya yi wa Death ganga a 1993 da 1995, laƙabinsa na nufin agogon da ba ya kuskure daƙiƙa, kuma an san shi da ɗaura nauyi a idon sawu don ƙafa ta saba.

Sauri kaɗai ba ya mai da kiɗa mai sarƙaƙiya. Ƙirge ne ke yi. Yawancin waƙoƙin da duniya ke rawa da su huɗu-huɗu ake ƙirga su, shi ya sa ƙafa ke kama su ba sai an koya mata ba. Waɗannan kuwa sai su ƙirga bakwai: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku. Tafiyar takan fito da ɗan ɗingishi, ka kai ƙafa inda kake zaton ƙasa take ka tarar ta matsa. Kafin ka saba sun koma biyar, sun leƙa tara, sun dawo. Wani lokaci mai jita na zagaye a uku, mai ganga na zagaye a huɗu, ba za su haɗu ba sai a bugu na 12. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san daɗin da ke cikin wannan rabuwa da haɗuwa, kuma ya san abin da ke faruwa in ɗaya ta yi kuskure.

Shi ya sa atisayen nasu ba shi da armashi ko kaɗan. Mutum ne shi kaɗai a ɗaki da na'urar da ke yi masa ƙyas-ƙyas a kunne. Zai ɗauki gaɓar da ba ta wuce daƙiƙa goma ba, ya rage mata gudu zuwa rabi, ya maimaita har yatsu su haddace, sannan ya ƙara gudun kaɗan, gobe ma haka. Da yawa a yau sai sun rubuta kiɗan a kwamfuta sun tura wa juna, kowa ya yi tilawarsa a gida, kafin a haɗu.

Masu bas na wannan reshe suna son jitar da aka cire wa ’yan ƙarafan da ke gitta wuyanta. Wuyan ya zama sumul kamar na gurmi ko garaya, yatsa na iya zamewa daga sauti zuwa sauti, amma babu abin da zai nuna maka wurin tsayawa sai kunnenka. A hannun Di Giorgio ko Sean Malone na Cynic, bas ɗin kan yi kamar yana magana a ƙarƙashin rigimar.

Sai muryar. Jama'a na ɗauka ihu ne, alhali wanda ya yi ta da ihu ba zai kai mako guda a rangadi ba. A saman tantanin da muke magana da shi akwai wasu ninki biyu na nama a maƙogwaro. Su mai gurnani ke koyon kaɗawa, da iskar da ya turo daga ciki, maƙogwaron a sake. Makiyayan Tuva da Mongoliya na amfani da wannan wuri a waƙarsu ta gargajiya. Ƙarar da ake ji a zaure yawancinta aikin makirfo ne. Har malamai gare ta: wata Ba'amurkiya, Melissa Cross, ta yi suna wajen koya wa mawaƙa yadda za su yi gurnani ba su kashe muryarsu ba.

Riba ƙalilan, jiki na biya

Duk wannan wahala, me ake samu? Ga mafi yawansu, abin bai taka kara ya karya ba. Manhajojin sauraron kiɗa irin su Spotify suna lissafa saurare ɗaya da zarar an wuce daƙiƙa 30, kuma abin da ke zuwa kan kowane saurare bai kai santi ɗaya na dalar Amurka ba. Ke nan mai waƙar minti 20 da mai ta minti biyu kuɗinsu ɗaya. Tsarin kansa yana hukunta dogon numfashi. Abin da ke riƙe ƙungiyoyin shi ne rangadi da sayar da riguna da faifai a bakin ƙofa, kuma da yawa in sun dawo gida aikin albashi suke komawa, ko koyar da jita ta intanet.

A 2016 ƙungiyar Ne Obliviscaris ta birnin Melbourne a Ostireliya, wadda ta yi fice da sa goge irin na Turawa a tsakiyar gurnani, ta fito ta ce wa masoyanta su riƙa ba ta wani abu duk wata ta shafin Patreon, don membobinta su samu ko da mafi ƙarancin albashi. Wasu suka ce wannan ai bara ce. Ni dai dariya abin ya ba ni, don a wurinmu makaɗi da ubangida tare aka san su tun kaka da kakanni. Yau ƙungiyoyi da dama sun bi sahu.

Jiki ma yana karɓar rabonsa: ciwon wuyan hannu, ciwon baya, da ƙugin kunne da ba ya ɗaukewa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce ma'aunin desibel 100, kuma tsofaffin hannu a cikin ’yan kallo za ka gan su da toshe-kunne a aljihu.

Labarin Schuldiner ya fi kowanne ciwo. A 1999 aka gano yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Mutumin da ake kira uban wannan salo bai da kuɗin asibiti, sai da makaɗa da masoya suka yi ta karo-karo da gwanjon kayansu. Ya mutu ranar 13 ga Disamban 2001 yana da shekara 34.

Masu suka, na waje da na gida

Iyaye da malaman addini, a Amurka da wajenta, sun daɗe suna ɗaga yatsa, kuma ba a ce ba su da hujja ba. A cikin uwar salon akwai masu zagin addini ƙiri-ƙiri, akwai masu zanen bangon albam da ba ya kalluwa. Jamus da Ostireliya sun taɓa hana sayar da wasu ayyukan Cannibal Corpse, kuma a 1995 ɗan majalisar dattawan Amurka Bob Dole ya ambace su da suna cikin masu ɓata tarbiyya. A Masar a 1997, da Maroko a 2003, an kama matasa masu sauraron metal bisa zargin bautar shaiɗan.

Reshe mai sarƙaƙiya bai wanku sarai ba. Sunan Atheist kansa na nufin wanda bai yarda da samuwar Allah ba, kuma Opeth ta taɓa tsoma baki cikin labaran tsafi. Amma mafi yawan abin da suke waƙa a kai ya yi nisa da nan. Gojira kifayen teku da dazukan Amazon ne damuwarta. Blood Incantation taurari da sararin samaniya. Albam ɗin Opeth na 2024 kuwa labarin wani attajiri ne da ya mutu, ’ya'ya suka taru a karanta wasiyya, asirin gida ya yi ta tonuwa sakin layi bayan sakin layi. Rigimar gado dai, wadda ba sai an yi wa kowa fassara ba.

Ko sauraron irin wannan na ƙeƙasar da zuciya? Masu bincike a Jami'ar Macquarie ta Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Bill Thompson, sun gwada a wani aiki da suka wallafa a 2019. Sun tarar masoya metal mai gurnani na razana da hotunan tashin hankali kamar kowa, kuma abin da suka ce suna samu a kiɗan shi ne farin ciki da ƙarfin gwiwa. Bincike ɗaya ba ya kashe magana, amma ya yi daidai da abin da masu zuwa wuraren wasan ke faɗa: a tsakiyar turereniyar da ake yi gaban dandamali, in mutum ya faɗi, hannuwa ne ke ɗaga shi.

Sukar cikin gida ta fi zafi. ’Yan gargajiyar salon na ganin duk wanda ya shigo da fiyano, saksafon ko murya mai daɗi ya sayar da gida. Da Opeth ta fitar da Heritage a 2011 babu gurnani ko ɗaya, masoyanta suka dare biyu, aka shekara goma sha uku ana jifan juna da magana. Åkerfeldt bai janye ba, ya yi albam huɗu a haka, sannan ya dawo da gurnanin lokacin da ya ga dama.

Akwai kuma sukar da ni ma nake tare da ita. Tun da kwamfuta ta sauƙaƙa gyaran sauti, an samu ƙungiyoyin da kowane bugu nasu an daidaita shi da linzami har ya zama ba numfashin mutum a ciki. Za ka sha mamakin yatsunsu na minti biyar, ka kashe, ka kasa tuna ko gaɓa ɗaya. Gwaninta ce ba ta da abin faɗa. Human da Focus suna da ’yan kurakuransu, amma ana jin mutane ne a ɗaki suna gumi.

Focus ɗin nan da aka yi wa ihu, shi ne daga baya matasan makaɗa a Jamus, Kanada da Ostireliya suka riƙa haddacewa kamar karatun allo. Cynic ta sake haɗuwa, ta fitar da sabon albam a 2008, ta tarar da zaurukan da ke rera waƙoƙin da aka ƙi saurara shekara 15 baya. Sai 2020 ta zo: Sean Reinert ya mutu a Janairu, Sean Malone ya bi shi a Disamba. Masvidal ya rage shi kaɗai cikin ukun. Da ya shiga situdiyo don albam ɗin 2021, bai nemi wani mai jitar bas ya zauna a gurbin Malone ba. Da na'urar kibod aka kaɗa wannan layin.